Abin Da Ke Sa Fenti Ya Zauna A Kan Bambar Roba

Ni mai fentin mota ne a Filinge, babban garin ƙasar Kurfai. Akwai ƙorafi ɗaya da ba na rasa ji daga direbobin da ke bin hanyar Yamai ta Bonkuku da Baleyara: an yi wa mota fenti, na jikin ƙarfe yana nan lafiya lau, amma na bamba ya fara ɓarewa tun damina ba ta zagayo ba. Sai su ce fentin jabu ne. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa gwangwani ɗaya aka fesa wa ƙarfen da robar. Aikin da ya kamata a yi kafin a ɗauki bindigar feshi ne aka tsallake.

Iyayenmu da suka yi aiki a kan Fijo 504 ba su san wannan matsala ba, domin bambarta ƙarfe ce. A 1972 kamfanin Renault na Faransa ya fito da ƙaramar motarsa Renault 5 da bambar roba, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau Corolla da Hiace da ke shigo mana duk bambar roba gare su, kuma mafi yawa daga robar da ake kira polifirofilin. Wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, ya haɗa ta a 1954, aka ba shi kyautar Nobel a 1963. Ita ce dai robar kujerun da ake jerawa a wajen biki. Ba ta da nauyi, tana shan duka ta lanƙwasa ta komo, amma fatarta ba ta barin komai ya manne mata. Ga kuma maiƙon da ake shafa wa mazubi a masana'anta don roba ta fita salin-alin, wanda ke saura a jikinta. Sannan idan rana ta buga, roba tana buɗewa fiye da ƙarfe ninki da yawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan, fentin da bai kama da kyau ba shi ke fara sallamawa.

Abu na farko da nake koya wa yaran shago shi ne su kwance bamba su juya bayanta. Akwai haruffa da aka buga a ciki. In ka ga PP, wato polifirofilin, ko PP da EPDM, to mai taurin kan ce, sai da maganin kamu, wanda zan yi bayaninsa a gaba. In ka ga ABS, wadda aka fi yin ragar gaba da gidan madubi da ita, tana karɓar fenti cikin sauƙi, amma ruwan tsinka fenti mai ƙarfi yana cin ta har ta yi laushi ta tsattsage. Idan haruffan sun goge, sai a yanko ɗan siriri daga ciki inda babu fenti, a jefa a kofin ruwa. PP galibi tana tasowa sama, ABS kuwa nutsewa take yi.

Bayan an san irin robar sai wanki, kuma nan ne rabin aikin yake. Ruwa mai ɗumi da sabulu, ciki da waje, har lungunan da fitila ke zama. A ɗauraye, a zuba ruwa mai tsabta a duba: in ya bazu ya kwanta, ta wanku, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran maiƙo, a sake. Babban abokin gabarmu shi ne man ƙyallin da masu wankin mota ke shafa wa taya da baƙar roba. Ɗigonsa kaɗan ya isa ya sa sabon fenti ya yi ƴan ramuka. Kuma dole wanki ya riga samfefa, domin wanda ya goga samfefa a kan maiƙo ya cusa shi cikin robar ke nan.

Sabuwar bamba da ba a taɓa yi wa fenti ba tana da nata hukunci. Manyan garejoji suna sa ta a ɗakin zafi na digiri 60 kamar awa guda, don maiƙon da ke cikinta ya fito fili. Mu a nan ranar bazara tana yi mana wannan aiki kyauta. Sai dai a tallafe ta da kyau kada ta murɗe, a mayar da ita inuwa ta huce, a sake wanke ta.

Idan akwai tsaga, da irin robarta ake like ta, a narkar daga baya da ƙarfe mai zafi. PP ba ta haɗuwa da ABS ko da an ga kamar sun haɗu. Kwaɓin cike ramin da ake sa wa ƙarfe kuwa bai dace da ita ba, don shi sandarewa yake yi ita tana motsi. Ramukan hanyar Abala kaɗai sun isa su raba su. Akwai kwaɓi mai laushi da aka yi domin roba, shi ake nema.

Gugar samfefa a kan roba da hannu ta fi kyau, kuma da mai laushi, lamba 400 zuwa 600. Mai kaushi irin lamba 80 tana tayar wa PP da gashi-gashi wanda zai fito a ƙarƙashin fenti, injin guga kuma in ya daɗe wuri ɗaya narkar da ita yake yi. Abin da ake so shi ne ƙyallin ya mutu ko'ina, musamman gefe-gefe da kusurwoyi, don daga nan ɓarewa ke farawa.

Sai ƙura, wadda duk Bakurfe ya san ta. Roba in an goge ta da busasshen tsumma tana jan ƙura da kanta, yadda biro ke ɗaukar guntun takarda in yaro ya goga shi a gashin kansa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe, abin ya fi tsanani. Shi ya sa nake yayyafa ruwa a ƙasan rumfa, in kare gefen gabas da tabarma ko leda, in share bamba da tsumma mai ɗan danshi ko maganin da aka yi don hakan, in bar ta ta bushe sarai. Feshi da sassafe nake yi, kafin iska ta tashi. Da tsakar rana fenti yana bushewa tun bai sauka a kan roba ba, sai ya fito da kaushi.

Yanzu ne ake kai wa ga maganin kamu, wani ruwa garai-garai da ake fesa wa tsirarar roba shafe ɗaya marar kauri. Shi ne ke riƙe roba ta ƙasa, ya riƙe fenti ta sama. A jira mintunan da aka rubuta a jikin gwangwani, kada a ƙara kada a rage. Daga nan fentin shimfiɗa, sai launi shafe biyu ko uku sirara, sai fentin ƙyalli na ƙarshe. A fentin shimfiɗa da na ƙyalli ana zuba maganin laushi, don su riƙa lanƙwasawa tare da bamba. Fenti mai kauri a kan roba ba ƙarko ba ne, shi ya fi saurin tsagewa.

Ga ƴan'uwana masu sana'a, akwai maganar lafiya. Maganin da ake zuba wa fenti don ya yi tauri yana ɗauke da sinadarin da ke jawo ciwon asma, kuma rawani ko tsumma a hanci ba ya tare shi. Takunkumi mai matatar gawayi shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a sa, a yi aiki inda iska ke wucewa, a kuma kori yara ƙanana daga wurin.

Ku kuma masu mota, maganin kamu da na laushi sau da yawa sai an aiko da su daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 180, shi ya sa aikin ke ɗaukar kwanaki kuma kuɗinsa ke ɗan ɗagawa. Mai cewa "Malam, gobe da asuba ina da lodi" shi ke tilasta wa mai fenti ya tsallake matakai, kuma araha ba ta ado. Kafin ku biya, ku tambayi mai aikin ko zai kwance bambar, wace irin roba ce, kuma ya nuna muku gwangwanin maganin kamu da idonku. In an gama, ku ba fentin makonni kafin ku sa masa man goge mota. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, ku kai motarku wani wuri.