Tara Kuɗi, Jigon Ƙananan Ƙungiyoyi a Yekuwa

Ƙungiyoyin sa-kai, wato waɗanda ake kafawa domin hidimar jama'a ba neman riba ba, sukan durƙushe idan tallafin waje ya yanke, saboda haka tara kuɗi babban nauyi ne a wuyan shugabanninsu a Yekuwa da sauran garuruwan Magarya da Dungas. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna hanya, domin mata kan yi zubi kowane mako cikin akwati, su ranta wa juna, su raba ribar a ƙarshen zagaye. Shugaban da ke rubuta kowace dala, yana karanta lissafi gaban taro, shi 'yan kasuwa da 'yan ci-rani kan amince wa da gudummawarsu.