Diyyar Jiya, Farashin Gobe: Darasin Ambaliyar Sabha ga Mai Inshorar Gida

A watan Satumba na 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, inda dubban ƴan'uwanmu Hausawa ke neman halaliyarsu. Gidaje sun rushe, an kuma rasa rayuka. Wata guda kafin nan ambaliya ta auka wa Gat da Tahala, alhali ba a gama jimamin Darna na 2023 ba. Garin da ba a gina shi da tsoron ruwa ba ya wayi gari yana tambayar wa zai biya ɓarna.

Amsa ɗaya ita ce inshora, wadda Larabawa ke kira ta'amin. Sai dai mai shirin shiga ya sani cewa duk diyyar da aka karɓa tana barin sawu.

Yadda kamfani ke lissafi

Kafin ya yanke farashi, kamfani yakan tambayi abin da ya taɓa samun gidan da mai shi. A idonsa, yawan koke ya fi girman koke nauyi. Gobara ɗaya cikin shekara goma ƙaddara ce, amma yoyon famfo sau uku cikin shekara biyu alama ce ta gidan da ba a kulawa da shi. Daga nan sai a ƙara kuɗin shekara, ko a ɗaga kason da mai gida zai ɗauka da kansa a kowace ɓarna, ko ma a ƙi sabunta yarjejeniya.

A Amurka, rumbun bayanai na CLUE yana ajiye tarihin mutum da na gida har shekara 7, don haka mai sayen gida kan gaji kokekoken wanda ya sayar masa. Asarar jama'a ma tana shafar wanda bai taɓa neman komai ba: a Faransa, ƙarin da ake biya saboda bala'o'i irin su ambaliya ya tashi daga kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari tun 1 ga Janairu 2025.

Gaskiya dokin ƙarfe

Wasu kan ɓoye tsohuwar ɓarna don samun rangwame. Wanda ke gina gida a Agadas ko Damagaram da kuɗin Libiya ya lura da dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke bi: sashe na 18 ya tanadi cewa ƙaryar ganganci tana rusa yarjejeniya, kuma kuɗin da aka zuba ba ya dawowa.

A takaful, tsarin taimakekeniya da aka fara a Sudan a 1979, lamarin ya fi nauyi. Asusun na mahalarta ne, kuma a tsarin kamfanoni da yawa wanda ya karɓi diyya a shekara ba ya samun rabo cikin rarar da ta saura. Mai kumbura ɓarnarsa dukiyar ƴan'uwansa yake ci.

Abin da magidanci zai yi

Idan kuɗin gyara bai wuce kasonka da yawa ba, gyara da aljihunka ya fi, bayan ka duba ko yarjejeniya ta wajabta sanar da kamfani. Babbar ɓarna kuwa, kai rahoto cikin wa'adi, da hotuna da rasit. Don ita aka shiga inshora. Ka gyara rufi da magudanar ruwa, ka adana shaidar gyaran, ita ce hujjarka ranar sabunta yarjejeniya. Ka tambaya a rubuce ko ambaliya na ciki, ka kuma sani cewa ɓarnar yaƙi, irin wadda Sabha ta gani a 2012 da 2014, galibi ba a biyanta.

Ɗan haya kuwa ya tuna cewa inshorar mai gida ta gini ce. Kayan ɗakinsa sai ya yi musu tasu. Allah Ya tsare mana gidajenmu, amin.