Yadda Ƙwayar Halitta Take Haɗiye Makarɓanta

Kolestarol ba ya narkewa a ruwa, don haka jini yana ɗauke da shi ne cikin wasu ƙananan ƙunsoshi da ake kira LDL. Ƙunshin ya yi girman da ba zai ratsa tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta ba. To, ta ina yake shiga?

A jikin tantanin akwai wasu furotin da ake kira makarɓa, kowanne da abin da yake cafkewa. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano makarɓin LDL a Dallas ta Amurka, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1985. Makarɓan sukan taru a wani ɗan loko, inda furotin mai suna clathrin ya saƙu ta ciki kamar kwando. Lokon ya yi ta zurfi har ya zama 'yar jaka, sai dynamin ya shaƙe wuyanta ta tsinke, ta faɗa ciki. Can ruwan jakar yakan yi tsami, makarɓin ya saki kayansa ya koma waje. Zagayen duka kimanin minti 10 ne.

Umarnin ƙera makarɓin yana cikin ƙwayar gado LDLR, a kan kuromosom na 19. Wanda ya gaji kwafi ɗaya mai lahani na wannan ƙwayar gado, kamar mutum ɗaya cikin 250, kolestarol kan taru a jininsa tun yana ƙarami.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wani majiyyaci da masanan biyu suka bincika. Makarɓansa suna cafke LDL sarai, amma ba sa shiga loko. Ashe tubali ɗaya tak daga cikin tubalan da suka gina furotin ɗin ne ya sauya a wutsiyar makarɓin, ɓangaren da ke leƙawa cikin ƙwayar, kuma a nan alamar shiga take. Kamawa daban, haɗiyewa daban, kowanne da umarninsa.

Daga baya an gano cewa lahani a ƙwayar gado LDLRAP1, wadda furotin ɗinta ke haɗa wutsiyar da clathrin a hanta, yana jawo cuta irin wannan. A 2003 kuma, binciken wasu iyalai a Faransa ya fito da ƙwayar gado PCSK9, wadda furotin ɗinta ke tura makarɓin a narkar da shi maimakon ya koma waje. Yanzu akwai allurai masu toshe wannan furotin don hanta ta ƙara tsotse LDL daga jini.