DUKIYAR CIKIN ADAKA: YADDA MATAN KADAWA KE KARE ZANNUWANSU DAGA DANSHI

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, da zarar ya wuce Kura zai ga ƙasa ta yi kore shar ko'ina, ga alkama, ga albasa, ga kuma kwandunan tumatir an jere a Kwanar Gafan suna jiran manyan motoci. Wannan ita ce dukiyar Kadawa da kowa ya sani. To, amma akwai wata dukiyar da ba a jere ta a bakin titi, tana can cikin ɗakunan mata a ƙauyukan Kura da Bunkure da Garun Malam, a ninke cikin adaka da akwati da kwalla, watau zannuwa. Abin mamaki kuwa shi ne, ruwan da ya kawo kuɗin sayen waɗannan zannuwa, shi ne kuma babban abokin gābarsu.

An gama gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, daga bisani kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamar aikin noman rani na Kogin Kano. Tun daga nan ruwa ke bin magudanai yana ratsa gonaki a watannin da a dā ƙasa kan bushe ƙamas. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa a wasu sassan wannan yanki ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hauro kusa, musamman inda magudanan fitar da ruwa suka toshe. Manomi kan ga illar haka a gonarsa. Matarsa kuwa takan gan ta a gindin bangon ɗakinta, inda jar ƙasa ke tsotson laima kamar soso, har ta kai ga duk abin da aka jingina da bangon.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ado ce kawai. A ƙasar Hausa zane ajiya ne. Turmin atamfa yadi shida ne, falle uku ke nan, kuma muddin ba a sa masa almakashi ba, kuɗi ne a kwance. Macen da ta sami riba a sana'ar abinci, ko ta yi aikin tsinkar tumatir, ko ta kwashi adashi, sau da yawa takan aika Kantin Kwari a sayo mata turmi ta ajiye. Ran da ciwo ya kama yaro, ko aka matsa da kuɗin makaranta, sai ta miƙa wa dillaliya. In kuma Allah ya rufa asiri, shi za ta sa a kayan 'yarta ranar aure. Har wajen rabon gado akan ƙidaya zannuwa cikin abin da mamaciya ta bari. Saboda haka turmin da funfuna ta ɓata, hasara ce daidai da buhun shinkafar da ruwa ya jiƙa, sai dai ita babu wanda ke jin labarinta a dandali.

Hasarar ta ƙara nauyi tun da masaƙun Arewa suka durƙushe. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, ita ma UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Atamfar da ta cika kasuwa bayan haka yawancinta daga ƙasar Sin take. Tsohuwar Holan ko tsohuwar 'yar Kaduna da ke ƙasan adakar wata dattijuwa, in ta lalace ba lalle ne a sami irinta ba.

Abokan gāba huɗu

Na farko shi ne danshi. Zaren auduga yana shan laimar iska, kuma in ya daɗe a haka a wuri rufaffe sai funfuna ta fito, ta bar baƙaƙen ɗigo-ɗigo waɗanda sabulu ba ya fitarwa. Watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa a ƙasar Kano, shi ne mafi hatsari. Na biyu tsatsa, domin adakar ƙarfe in ta zauna a kan daɓe mai laima takan fara ci daga ƙasa, zanen da ke can ƙarshe shi zai kwashi jan tabo. Na uku gara, wadda kan huda akwatin katako ta ƙasa ta ci hanya cikin turame goma ba tare da an gani daga sama ba. Na huɗu kyankyaso da ɓera.

Maganin da gogaggun mata ke yi ba shi da tsada. Ba a ajiye adaka a ƙasa, sai a kan benci ko bulo, a kuma janye ta daga bango gwargwadon tafin hannu domin iska ta zaga. Akan shimfiɗa tsohon farin ƙyalle wankakke a ciki kafin a fara jeri. Turamen da ba a yanka ba su ne a ƙasa, sa'an nan ɗinkakkun kayan fita unguwa, na yau da kullum kuwa ba su da wuri a adaka sam, domin yawan buɗewa da hannun da ya taɓa man girki suna ɓata na ajiya. Ba a sa tufa a ciki sai ta bushe sarai. Shaddar da aka sa wa sitaci kuwa kiran ƙwari take yi, gara a wanke ta a ajiye, a sa sitacin ran da za a sa ta.

Kuskuren da ya yi yawa a zamanin nan shi ne ɗaure atamfa cikin leda, da zaton an tsare ta. In an ɗaure da laima a ciki, to, an kulle ɓarawo ne a ɗaki. Haka nan bai kamata adakar zannuwa ta kwana ɗaki ɗaya da buhun takin zamani ko galan ɗin maganin feshi ba, abin da kan faru a gidajen manoman rani saboda ƙarancin wuri.

Da hunturu ya kama, iska ta bushe, lokacin fitar da kaya ya yi. Akan baza su a inuwa, ba a rana ba, don rana tana cin launi, sa'an nan a sāke ninki ta wani layi daban, domin zanen da ya shekara a ninki ɗaya yakan koɗe ko ya karye a kan layin.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba ma'aikatan lafiya da ɗalibai su kai gida. Ƙwayoyin kafur farare da ake sayarwa a kasuwa don korar ƙwari, likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna hana sa su cikin kayan jarirai, saboda sinadarin da ke cikinsu yana iya farfasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Akwatin kayan haihuwa dai a bar shi da busasshen ganyen darbejiya, wanda ke nan ko'ina kyauta.

Darasi daga marinar Kura

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a sanin darajar tufa. Tun ƙarni na 19 garin Kura ya yi suna wajen rini da bugu, har rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke so ake ce masa ɗan Kura. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin ƙasar Kano ke kaiwa har Timbuktu. Mabugan Kura kan naɗe turkuɗi cikin takarda bayan sun buge shi da shuni, don kada sheƙin ya dushe, kada kuma shunin ya shafi wani abu. Ƙa'idar tana nan: duk tufa mai zuba a ware ta, a naɗe ta ita kaɗai.

Guntayen ƙyalle

Sauran magana ita ce ta guntayen da almakashi ke bari. Gab da Sallah, shagon tela a Kura ko Bunkure kan cika da su, da yawa kuma a bola suke ƙarewa. Alhali kuwa ragowar yadi haƙƙin mai ɗinki ne, kuma tela mai amana yakan mayar. Mata masu keken ɗinki a gida sukan tara su su haɗa zanen gado, ko rigar matashi, ko shimfiɗar jariri, ƙananan kuma a cusa a matashi ko a yi gammo.

Wadda ta iya wannan sana'a ba ta zuba su buhu ɗaya. Takan wanke su tukuna, domin wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke, in ba haka ba wankin farko zai murɗe zanen gadon. Sa'an nan ta raba: atamfa daban, shadda daban, yadi mai roba daban, don ba sa jure zafin dutsen guga iri ɗaya. Manya ta ninke su a jere a tsaye cikin kwali yadda za ta ga launin kowanne, ƙanana ta ɗaure su dami-dami bisa ga launi.

Haɗa ƙyalle da cusa auduga a tsakani a bi da ɗinki tsohuwar fasaha ce a nan. Lifidin da dawakin sarki ke sawa a hawan Sallah haka ake yin sa, kuma Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo shi. A wasu ƙasashe ma aikin ya zama abin alfahari. Matan ƙauyen Gee's Bend a Jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, da tsofaffin tufafin gona suke ɗinka barguna don maganin sanyi. A 2002 aka baje waɗannan barguna a manyan gidajen nune-nune na Houston da New York, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotunansu a kan kan sarki.