Rawar Ɗari a Tsakiyar Zafin Illela

A watan Afrilu zafin Illela kan haura digiri 40, amma sai ka tarar da mai masassara ya duƙunƙune cikin bargo, haƙoransa na kaɗawa. Dalili kuwa, a gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke riƙe zafin jiki a wajen digiri 37. Da ƙwayar cuta ta shiga, sai ya ɗaga ma'aunin zuwa 39 ko 40. Nan take jiki ya ga kansa cikin sanyi, jijiyoyin fata su tsuke, tsoka ta kama rawa don ta haɗa zafi. In ma'aunin ya sauko, zufa ta karyo, riga ta jiƙe sharkaf. Tsofaffinmu da ke cewa "ya yi zufa, zazzaɓi ya sauka" suna da gaskiya.

Zafin nan makami ne. A 1975 wani masani a Amurka, Matthew Kluger, ya sa wa ƙadangarun hamada ƙwayar cuta. Waɗanda suka sami wuri mai ɗumi sun fi tsira, waɗanda aka tsare a sanyi suka fi mutuwa. Abin da ya fi wannan ɗaure kai: a 1927 likita Julius Wagner-Jauregg na Ostiriya ya ci kyautar Nobel saboda yana sa wa masu tunjeren da ya taɓa ƙwaƙwalwa zazzaɓin cizon sauro da gangan, zafin ya kashe cutar, sannan ya bi su da kwinin. Kada wani ya gwada, an daina tun zuwan fenisilin.

Raƙuman da ake kawowa kasuwar Illela ranar Lahadi sun fi mu dabara. In ƙishirwa ta kama raƙumi, yakan bar jikinsa ya tashi daga digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da la'asar, don kada ya ɓarnatar da ruwa wajen zufa. Ɗan Adam ba shi da wannan sararin.

Ruwa ne inda muka fi rauni. Ƙoda na tace kusan lita 180 a yini, ta mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne kawai. Amai da gudawa irin na kwalara, wanda bai san shingen kwastan tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ba, kan zubar da lita guda cikin awa ɗaya in ya tsananta. Sai ƙoda ta riƙe fitsari, zuciya ta ƙara gudu, ido ya zurma, maɗigar jariri ta faɗa. Tsunkuli fatar cikin yaro ka saki: in ta tsaya a tattare ba ta koma da wuri ba, ruwa ya ƙare masa. Abin mamakin, dafin kwalara bai taɓa hanyar da sukari ke jan gishiri cikin hanji ba, gishirin kuma ya jawo ruwa. Shi ne sirrin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin cokali na gishiri. Da irinsa likita Dilip Mahalanabis ya rage mace-mace a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash a 1971, daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Hanta ma tana da nata wayon: lokacin ciwo takan sa a ɓoye sinadarin ƙarfe, don ƙwayar cuta na bukatarsa. Ɓargo kuwa na ƙera jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 kowace daƙiƙa, da su ake cike giɓin da zazzaɓin cizon sauro ya bari.

Mai ciwon suga da ya kama dogon numfashi ba ƙaƙƙautawa, huhunsa ne ke fafutukar rage tsamin da ya taru a jini. A nan dabarar jiki ta kusa ƙarewa, a ɗauke shi zuwa asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.