Shingen Lantarki Daga Kwayil Ɗin Tsohuwar Mota

Daga Bebeji, inda aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, har zuwa Tudun Wada da Doguwa a gefen dajin Falgore, ƙasa ce da noma da kiwo suke gogayya kafaɗa da kafaɗa. Da kaka, masara tana tsaye a gona, garken shanu yana wucewa, dare ɗaya ya isa a tafka ɓarnar da za ta kai mutane gaban mai gari. Gwamnatin Kano ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya na ƙaramar hukumar Kiru a 2020, amma ƙaramin manomi har yanzu ƙaya da kara ne shingensa. Shin silin waya guda mai ɗauke da lantarki zai iya maye gurbinsu?

Dabarar ta tsufa, kuma daga jikin mota aka haife ta. A ƙasar Niyu Zilan, wani manomi mai suna Bill Gallagher ya gaji da dokinsa Joe, wanda yake sosa jiki da motarsa ƙirar Essex, sai ya haɗa wa motar wuta yadda za ta fizgi dokin da zarar ya jingina. Daga nan ya ƙera shingen lantarki, ya shiga sayar da shi a ƙarshen shekarun 1930. A Amurka kuwa manoma sun riƙa ciro kwayil na Ford Model T, motar da aka yi daga 1908 zuwa 1927, suna ɗaura shi a shingen shanu. Irin wannan kwayil na tsofaffin motoci masu kwantak, kamar Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, shi ake samu a wurin 'yan gwangwan da masu tsofaffin kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano.

A cikin kwayil akwai naɗin waya iri biyu a kan sandar ƙarfe ɗaya: mai kauri, zagaye ɗaruruwa kaɗan, da siririya mai zagaye kimanin 20,000. Idan wutar batir mai bolt 12 ta ratsa mai kaurin, ƙarfen yakan zama maganaɗisu. Da an katse wutar farat ɗaya, sai ƙarfin maganaɗisun ya rushe, ya haifar da tartsatsi na bolt dubbai a siririyar waya. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. A mota tartsatsin filogi yake tafiya. A gona kuwa wayar shinge ake ba shi. Saniya tana buƙatar bolt 2,000 zuwa 3,000 kafin ta ji, tunkiya mai gashi fiye da haka, don haka ta fuskar bolt kwayil bai gaza ba.

To, amma me ya hana bolt dubbai yin kisa? Gajartar lokaci. Bugun yana zuwa ne ya wuce cikin ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa, sa'an nan a yi shiru na daƙiƙa guda ko fiye, wanda ya ba dabba ko yaro damar janye jiki. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta na'urorin shinge ba ta yarda tazarar bugu ta gaza daƙiƙa ɗaya ba. A nan ne na'urar gida take da haɗari, domin kwayil bai san ƙidayar lokaci ba. Na Model T ma kaɗawa yake yi ba tsayawa muddin akwai batir. Dole a sa masa abin da zai riƙa kunnawa da kashewa, kuma in wannan ya lalace, babu abin da zai sanar da mai gona. Wanda kuwa ya ga batir wahala ne ya jona shinge kai tsaye da wutar layi ta gida, tarkon mutuwa ya ɗana: wannan wuta ba ta sakin wanda ta kama.

Sai kuma matsalar da yanayin kudancin Kano yake jawowa sau biyu a shekara. Ƙarfin bugun kwayil bai kai kashi ɗaya cikin goma na na'urar kamfani mai jul guda ba. Da damina, jiƙaƙƙiyar ciyawa in ta taɓa waya sai ta tsotse wutar zuwa ƙasa. Wannan ne ya sa Doug Phillips na cibiyar binciken noma ta Ruakura ya ƙirƙiro, a farkon shekarun 1960, na'urar da take tara wuta a kwandansa ta sake ta gaba ɗaya, har kwayil na mota ya zama tsohon yayi. Da rani kuma akasin haka ne. Wuta ba ta fizgar dabba sai ta bi ƙafafunta ta shiga ƙasa ta koma ga sandar ƙarfen da aka kafa kusa da na'ura, busasshiyar ƙasar hunturu kuwa ba ta ba ta hanya. Maganin shi ne a ja waya biyu, ɗaya mai wuta, ɗaya haɗe da sandar ƙasa, yadda dabba za ta taɓa su tare. Wayar ƙaya haramun ce a nan, saboda tana riƙe wanda ya faɗa mata. Tartsatsi kusa da busasshiyar ciyawa shi ma abin lura ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne shingen ba ya tare dabba da ƙarfi. Tsoro yake koya mata. Saniyar da ta shinshina waya ta sha bugu a hanci takan kiyaye ta, amma sai an ba ta kwanaki a ƙaramin garke ta koya. Garken da ya biyo burtali da dare bai taɓa ganin wayar ba, kuma sa in ya firgita gaba yake zabura, ya tsinke ta. Saboda haka na'urar ta fi dacewa da mai kiwon turke a Kiru ko mai shanun madara a gefen Tiga, wanda zai killace dabbobinsa a fili kaɗan. Mai son kewaye gonar da ke bakin burtali zai buƙaci na'urar kamfani mai aiki da hasken rana, da alamar gargaɗi a jikin waya, da kuma sanar da mai unguwa da arɗo kafin ya kunna.