Mustafa Alasan da Hikimar Tatsuniya a Silima

Gabatarwa

A shekarar 1924 wani marubuci Bafaranshe, André Breton, ya fitar da sanarwar wani sabon salon fasaha a birnin Faris, wanda aka sani da suna suriyalizim. Manufar masu wannan salo ita ce su bar mafarki da tunanin ɓoye su ja ragamar aiki, ba tsarin hankali na yau da kullum ba. A fagen silima, Luis Buñuel, mutumin Sifen, shi ne jagoransu. A fim ɗin da suka yi da Salvador Dalí a 1929 har tururuwa aka nuna tana fitowa daga tafin hannun mutum. Abin lura shi ne, wanda ya tashi a Batsari ko Safana yana sauraren tatsuniya da dare bai baƙunci irin wannan duniya ba, domin a cikinta dabba tana sarauta, ƙwarya tana magana. Wannan maƙala za ta dubi rayuwa da ayyukan Mustafa Alasan, mutumin Nijar, wanda ya isa ga irin wannan salo ta hanyar gida.

Tasowarsa

An haifi Mustafa Alasan, wanda ake rubuta sunansa Moustapha Alassane a Faransanci, a N'Dougou cikin 1942. Tun yana yaro yakan yanka hotuna a kwali, ya haska su da fitila, jama'a su taru suna kallon inuwarsu, tamkar majigi. Kanikanci ya fara koyo. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, wanda ya koya masa aikin kyamara, ya kuma share masa hanyar zuwa Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane mai motsi. A 1962 ya fitar da Aouré, wato aure, wanda ke cikin finafinan farko da ɗan Nijar ya shirya.

Ayyukansa

Inda hikimarsa ta fi fitowa fili shi ne finafinan kwaɗi. A La Mort de Gandji na 1965, wanda ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966, fadar sarki ce aka nuna, amma sarki da fadawa duk kwaɗi ne. A Bon voyage Sim na 1966, shugaban jamhuriyar kwaɗi ne ya kai ziyarar aiki wata ƙasa, aka tarye shi da fareti da dukan ƙasaitar da sababbin shugabannin Afirka suka gada daga Turawa. Ba a ambaci sunan kowa ba. Wannan shi ne habaici: mai shi ya san da shi ake, amma ba shi da bakin kai ƙara. Haka tatsuniya take yi in ta ɗora wauta a kan kura, ta bar wayo ga Gizo.

A wannan shekara kuma ya fitar da Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Da suka sa huluna suka rataya bindigogi, sai suka canza sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu, har wasa ya kai ga zubar da jini. Ganin kaboyi a tsakanin bukkoki da rumbuna abu ne mai kama da mafarki, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ta zahiri ce: me hoton baƙo yake yi wa matashin da ya ɗauke shi madubi?

A 1972 ya yi F.V.V.A., haruffan da ke nufin mace, mota, gida, kuɗi, inda ya yi zambo ga burin sabon ma'aikaci. Toula kuwa, wanda ya biyo baya, labarin fari ne da budurwar da aka nemi a miƙa wa iskan ruwa. Ya yi Samba le grand a 1977 da 'yan tsana, sa'an nan Kokoa, inda dabbobi ke kokawa a dandali.

Kammalawa

Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai shekara 15, ya kuma zauna a Tawa, inda ya ci gaba da aiki da ɗan abin da ke hannunsa. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris, 2015. Bai kasance ɗan ƙungiyar Breton ba. Su sun nemi mafarki domin su kuɓuce wa ƙangin hankali. Shi kuwa ya ari rigar tatsuniya domin ya faɗi gaskiyar da ba ta faɗuwa kai tsaye. Saboda haka ya kamata manazarta adabin baka su sa finafinansa cikin abin nazarinsu, masu shirya fim na Hausa kuma su dubi abin da ya tsinta a taskar da suke zaune a kai.